Bijimi da Gangar Noma

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Kura ce ta yi gona, ta ɗauki Bijimi huɗa, ta sa Gizo ya riƙa bin sa da gangar noma. Duk sanda Bijimi ya tsaya zai ci ciyawa, sai Gizo ya buga yana kirari: "Na gaban kowa! Ba kai, ba gona!" Sai Bijimi ya bar ciyawar ya ja garma.

Matarsa Saniya ta ce, "Maigida, haƙarƙarinka duk a waje. Kirari ake ci?"

Ya ce, "Ke ba ki san daɗin a san da kai ba."

Kaka ta yi, rumbun Kura ya cika, Bijimi ya faɗi bai tashi ba. Kura ta ce, "Allah sarki, ɗan gida ne." Ta cinye naman, ta ba Gizo fatar.

Da damina ta zagayo, Gizo ya zo ƙofar Saniya da sabuwar ganga. Ɗanta ya miƙe kunnuwa ya ce, "Inna, ni ake kira!"

Ta ce, "Fatar ubanka ce, zauna."

Ina! Ya riga ya fita.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ku tashi haka nan.