Fushin Yaya Ya Rufe Bakin Auta

Yaya tela ce mai hannu, amma kai, zuciya gare ta! In aka taɓa ta, ba ta kwana da abin. Tun rasuwar mahaifinsu ita ke riƙe da gida da keken ɗinki ɗaya, har babu ta sa ta cire ƙanwarta Auta daga makaranta.

Nan wata mai shagon gyaran gashi ta samu ƙofa. Ta ce za ta koya wa Auta sana'a, har da abincin rana. Ashe azzalumar tura yara take yi wurin maza tana karɓar kuɗi. Wata biyar Auta, 'yar shekara goma sha biyar, tana cikin wannan bala'i kafin Yaya ta gane.

Aka kai Auta asibiti wurin wata likita mai kwantar wa mutane da hankali. Mako uku ba ta ce uffan ba. A na huɗu ta fara magana kaɗan-kaɗan.

Likitar ta ce wa Yaya, "Ki ba ta lokaci. Ranar da ta iya faɗa da bakinta, sai mu je wurin hukuma a asirce. Akwai sauran yara a shagon."

"Lokaci? Azzalumar tana can tana shan iska, ni in naɗe hannu? Wallahi sai ta gane kurenta!"

Washegari ta fizgi hannun Auta har ƙofar shagon.

"Yaya, don Allah mu koma."

"Nuna ta! Faɗa wa duniya abin da ta yi miki!"

Yaya ta farfasa madubai, ta shaƙe matar, ta yi mata dukan tsiya. Jama'a suka taru, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Ranar dai Yaya ta huce.

Kafin yamma fuskar Auta ta shiga kowace waya a unguwar. Azzalumar ta kwashe sauran yaran ta ɓace. Auta ta shige ɗaki. Sau uku likitar tana zuwa har gida, ba ta samu ko kalma ɗaya ba. Yau shekara guda ke nan, in Yaya ta shigo da abinci, sai Auta ta juya fuskarta bango.

Jama'a, talauci da rashin makaranta ke buɗe wa irin waɗannan azzalumai ƙofa, kuma sun cancanci hukunci mai tsanani. Amma yaron da aka cuta ba sandar ramuwa ba ne. A rufa masa asiri, a bar masu jinya su yi aikinsu, a kai ƙara inda ya dace. Wanda ya yi gaggawar hucewa, a jikin yaron yake hucewa.