Ranar Da Aka Kori Wutsiyar Kurege Daga Jam'iyya

Kwanakin nan ko tuwo ba ya wuce mini. Ɗana Tasi'u kansila ne. Jam'iyyarsu ta ce ya ɗaga hannu don a kai rijiyar burtsatse wata unguwa, alhali tamu ce ba ruwa. In ya ƙi su kore shi. Ku matso dai in rage zafi, ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta? To ta iso.

Wata shekara aka yi fari, namun daji suka ce a haƙa tafki. Jam'iyyar Kura ta ce gabas, ta Giwa ta ce yamma. Kurege ɗan jam'iyyar Kura ne, amma ramin uwarsa a yamma yake.

Kura ta kira shi, ta tura masa kwandon gyaɗa. "Kai ɗan tsurut, zaɓen ƙato bayan ƙato ne. Layinmu za ka bi."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, an gama."

Giwa ta kira shi, ta tura masa kwandon aya. "Yaro, ka tuna da tsohuwarka."

Ya ce, "Hajiya, an gama."

Uwarsa ta ce, "Ɗan nan, ƙafafuna sun gaji da neman ruwa."

Ya ce, "Inna, an gama."

Ranar zaɓe layuka suka jeru kusa da juna. Kurege ya sa kai a layin Kura, ya miƙa wutsiya layin Giwa. Can ana ƙirga kawuna, nan ana ƙirga wutsiyoyi. Aka ƙirga shi can, aka ƙirga shi nan, aka tashi kunnen doki.

Ashe Hankaka na bisa yana kallo. Ya kai tsegumi, aka gurfanar da Kurege gaban kwamitin ladabtarwa.

Kura ta daka tsawa. "Munafuki! Zagon ƙasa ka yi mana?"

Kurege ya fashe da kuka. "Ranki ya daɗe, ina kuka ga kaina? Ba a layinmu ba? Wutsiyar nan ce ba ta jin magana. Na yi mata faɗa har na gaji."

Kura ta lashe baki. "Yaron nan yana da gaskiya. An kori wutsiya daga jam'iyya!" Ƙaras, ta gutsure ta, ta haɗiye.

Sai manya suka zauna sulhu, suka ce a haƙa a tsakiya kada kowa ya ji kunya. Tsakiyar kuwa falalen dutse ne. Suka haƙa, suka haƙa, ko danshi babu. Duk da haka aka yi bikin buɗewa, aka naɗa Kurege shugaban kula da tafki.

Tsohuwa ta iso da tulunta. Ta leƙa rami, ta dubi bayan ɗanta.

"Ina ruwan? Ina wutsiyar?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, an gama."

Kurunkus. Darasin kuwa shi ne, in za ka shiga layi biyu, ka aro wutsiyar wani.

Kuna dariya, ni ba na yi. Jibi kansiloli za su zauna, Tasi'u kuma ya ce abin da na faɗa shi zai yi. In ce ya bi jam'iyya, mu ci gaba da sayen ruwan 'yan garuwa, maƙwabta su daina gaishe ni? Ko in ce ya ƙi, ya dawo gida ya zauna? Don Allah, me zan ce masa?