Ramuwar Illiyasu Ɗan Wasa

Illiyasu Garba mutumin Funtuwa ne, amma duniya ta san shi a matsayin ɗan wasan fim na Amurka, don can ya yi suna, kuma fasfon ƙasar ne a hannunsa. Allah ya hore masa baiwar kwaikwayo. In ya ɗan zauna da mutum, zai tashi ya yi irin tafiyarsa da maganarsa, har da gyaran muryar da yake yi kafin ya buɗe baki. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: riƙo. Ba ya manta abin da aka yi masa, ba ya kuma yafewa, ko da bakinsa ya ce ya yafe.

Yana saurayi ya zo Alƙahira karatun addini da tallafin gwamnati. Ɗakinsu ɗaya a unguwar Abbasiya da Mas'udu, wani ɗan Gusau mai in'ina, wanda ke ɗingisa ƙafar hagu tun yarinta. Ba a daɗe ba Illiyasu ya gano wuraren da ake ɗaukar fim, ya shiga cikin masu cika fage da ba sa magana, waɗanda Misirawa ke kira kombars. Karatu ya koma baya. Mas'udu ya yi nasiha har ya gaji, sai ya kai maganar wurin mai kula da ɗalibai, a zatonsa kunne kawai za a ja masa. Sai aka yanke tallafin gaba ɗaya. Illiyasu ya rasa iznin zama, kunya ta hana shi komawa gida, mahaifinsa kuma ya rasu yana fushi da shi. Duk wannan a wuyan Mas'udu ya rataya shi.

Da kyar ya samu ya shiga Amurka. Ya wanke kwanuka, ya tuƙa tasi, yana bin layin gwajin 'yan wasa. Shekaru ya yi ana ba shi matsayin mai gadi, ko ɗan fashin teku, ko direban da ake harbewa tun fim bai yi nisa ba. Daga baya aka ɗauke shi ya fito a likita a wani shirin talabijin mai dogon zango a kan wani asibiti, mutane suka so shi, har ana tare shi a filin jirgi a ɗauki hoto. Ya yi aure, matar ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Lubna. Ya samu duk abin da ya fita nema, amma ko yaushe aka ambaci Masar sai fuskarsa ta canja.

A ƙarshen 2013 aka ba shi babban matsayi a wani fim da za a ɗauki rabinsa a Alƙahira. Zai fito a malami mai fuska biyu, wanda ke koyar da ɗalibai a fili, a ɓoye kuma yana tura matasa su kashe mutane. Yana gama karanta labarin ya san wanda zai kwaikwaya.

Ya riga sauran 'yan wasan isowa, tare da Lubna, wadda ta gama sakandare tana son koyon Larabci. Bai sha wuyar samun Mas'udu ba. Yana unguwar Hay el-Sabi', a hawa na uku na wani tsohon bene, yana koya wa sababbin ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar Larabci kafin su shiga jami'a. Da ya buɗe ƙofa ya ga wanda ke tsaye, sai ya rungume shi, in'ina ta hana shi fitar da sunan.

Bayan an ci abinci, Lubna na zaune a gefe, Mas'udu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗan'uwa, abin da na yi maka ya daɗe yana cina. Wallahi ban san har can za a kai ba. Na yi ta neman inda kake. Ka yafe mini don Allah."

Illiyasu ya yi murmushi irin wanda ya saba yi a gaban kyamara. "Khalas, Malam, ya wuce. Ba don kai ba ai da ban zama abin da na zama ba."

Mas'udu ya share hawaye da gefen rawaninsa. Illiyasu ya lura da yadda ya yi hakan, ya ajiye a ransa.

Daga nan kusan kullum yana gidan. Azara, matar Mas'udu, tana tuƙa masa tuwon shinkafa da miyar kukar da ɗalibai ke kawo mata daga gida. Yana ci yana kallon mai gidan: yadda yake jan ƙafa in zai hau bene, yadda yake buga gwiwa da tafi in kalma ta maƙale masa, yadda yake kiran kowane ɗalibi "ya ibni", wato ɗana. Lubna kuwa ta tare a gidan gaba ɗaya. Tana kiran Mas'udu Baffa, Azara kuma Umma, Hausarta da ta kusa ɓacewa ta fara dawowa.

Ranar da aka fara ɗauka, Illiyasu ya shigo fage yana ɗingishi, rawani a karkace, yana in'ina. Daraktan ya miƙe daga kujerarsa ya tambaye shi inda ya samo wannan mutum.

"Na daɗe da saninsa," in ji Illiyasu.

Da aka gama ɗauka Illiyasu ya koma Amurka, Lubna ta ci gaba da zama a gidan Mas'udu. Fim ya fito a farkon 2015, ya kuma karɓu. Kafin mako ya zagayo guntayensa sun cika wayoyin ɗalibai daga Ainu Shams har Hay el-Sabi'. Babu wanda ya gani bai gane Malam Mas'udu ba. Wasu suka yi dariya, wasu suka ji haushi. Lubna ta kira mahaifinta a waya.

"Abba, Baffa ne wannan. Me ya sa?"

"Aiki ne, Lubna. Kowane ɗan wasa yana aro daga mutane. Shi me ya ce?"

"Cewa ya yi in wannan zai sanyaya maka rai, ya ɗauka. Ya ma hana ɗalibai zaginka."

Wannan amsa ta fi zagi ƙona Illiyasu. So ya yi Mas'udu ya ji irin zafin da shi ya ji ranar da ya bar Masar, ga shi mutumin ya haɗiye abin ya ci gaba da karantarwa. Ya kwana ya tashi yana jin ramuwar ba ta cika ba.

Ana haka aka gayyace shi hira a wani gidan talabijin na Amurka. Mai gabatarwa ta tambaye shi yadda ya ƙirƙiro mugun malamin nan. Yana iya cewa tunaninsa ne. Sai ya gyara zama ya ce, "Ban ƙirƙire shi ba. Yana nan da ransa a Alƙahira, a wata unguwa da ake kira Hay el-Sabi', matasa na shiga gidansa suna fita. Abin da na gani na yi."

Ya san halin da Masar ke ciki a lokacin. Ya san ƙasa ce da ake zaman ɗar-ɗar, kuma kalma ɗaya ta isa a ɗauke mutum. Da saninsa ya faɗa.

Aka fassara hirar zuwa Larabci, ta yaɗu. Wata safiya Mas'udu na tsakiyar darasi jami'an tsaro suka hau benen, suka tafi da shi da littattafansa a gaban ɗalibai. Mai gidan haya ya ce Azara ta nemi wani wuri. Iyaye daga Kano da Maraɗi suka riƙa kiran 'ya'yansu suna hana su kusantar gidan. An riƙe shi makonni ana bincike, ba a sami kome ba, aka sake shi. Amma mutum ne mai hawan jini, kuma bai sami maganinsa a tsare ba. Bai daɗe da fitowa ba ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke.

Lubna ce ta tona asirin. Ta zauna gaban kyamarar wayarta ta faɗi kome da Turanci: yadda mahaifinta ya ci abincin gidan, yadda aka roƙe shi gafara a gabanta ya ce ya yafe, da abin da ya biyo baya. 'Yan jarida suka ɗauka. Kamfanin fim ya fitar da sanarwa cewa ba da yawunsa aka yi maganar ba. Masu shirin asibitin suka rubuta a cikin labarin cewa likitan ya mutu a haɗarin mota, ba su ko kira Illiyasu ya yi fitowar ƙarshe ba. Wakilinsa mai nemo masa aiki ya daina ɗaga waya. 'Yan wasan da suka yi shekaru tare suka fara tsoron zama kusa da shi, kowa na tunanin me yake ajiyewa a kansa.

Duk wannan bai girgiza shi kamar shirun Lubna ba. Ya kira har ya gaji. A ƙarshen shekara ya hau jirgi ya dawo Alƙahira.

Ya same su a wani ƙaramin gida a Ainu Shams, inda ɗalibai suka haɗu suka kama musu. Azara ce ta buɗe. Ta dube shi ba ta gaishe shi ba.

"Malama Azara, na zo in roƙe shi gafara."

"Shigo ka gan shi," in ji ta.

Mas'udu na kwance a kan katifa, ya rame, baki ya karkace. Lubna na zaune a gefensa tana ba shi kunu da cokali, ba ta ɗago ba. Illiyasu ya durƙusa ya kama hannun da ke motsi, ya faɗi duk abin da ya zo da shi, wannan karon ba wasa a ciki. Mas'udu ya daɗe yana kallonsa. Leɓɓansa suka motsa, ya yi ta ƙoƙari, amma ba abin da ya fito sai iska.

Illiyasu ya juya wurin Azara. "Me yake cewa? Ya yafe?"

"Ban sani ba, Malam Illiyasu," in ji ta. "Lokacin da yake da baki ya roƙe ka, ka yi masa ƙarya. Yanzu kai kake roƙo, ka riga ka raba shi da bakin da zai amsa maka. Sai ka jira ranar da za ku tsaya gaban Allah, can za ka ji."

Ya dubi 'yarsa ya ce, "Lubna, zo mu tafi gida."

Ta goge wa Mas'udu baki da ƙyalle, ta sake cika cokalin. "Ina gida, Abba."

Ya sauko benen shi kaɗai. Mas'udu ya rasu kafin shekara ta zagayo, bai sake furta kalma ba. Illiyasu ya koma Amurka, ba a ƙara ganinsa a wani fim ba.

Darasin wannan labari shi ne, mai riƙo ba ya ƙoshi da ramuwa. In ya rama kaɗan zai ga bai isa ba, ya ƙara, har ya wuce abin da aka yi masa nesa ba kusa ba, ya koma shi ne azzalumin. Baiwar da Allah ya ba mutum amana ce, in ya mai da ita makami shi ma ba zai tsira ba. Idan wanda ya ɓata maka ya zo neman gafara, ka yafe da zuciya ɗaya tun yana iya ji, tun kai ma kana iya samun amsa, domin akwai ranar da za ka nemi yafiyar ka tarar babu mai ba ka ita.