Bututu Biyu a Rami Ɗaya

Jama'ar wannan shafi, yau da ɓacin rai na zo muku da labari.

Akwai wani mai aikin famfo da abokan aikinsa ke kira Mai Awo, domin ba ya yanka bututu sai ya auna sau uku. Wani kamfanin haƙar ma'adinai ya ɗauke shi ya tsara yadda za a kai ruwa sabon masaukin ma'aikata, inda mutum ɗari biyu za su kwana, su yi wanka, su ci abinci.

Aikin ba na wasa ba ne. Rijiyar burtsatse tana gabas, masauki yana yamma, a tsakaninsu akwai hanyar da manyan tifofi ke bi da lodin duwatsu. Ga kuma wani bututun da zai riƙa kwashe ruwan da aka wanke duwatsun da shi, ruwa mai magani wanda ko akuya ba a bari ta kusance shi.

Mako biyu Mai Awo yana zagaya filin da hular kwano da tef a hannu. Ya zana komai a takarda. Ruwan sha da raminsa daban, gurɓataccen ruwa da nasa can nesa. Inda za a tsallaka hanyar tifofi kuma, a zurfafa rami, a saka bututun cikin wani na ƙarfe.

Ya kai wa manaja takardar a ofis. Manaja ya dube ta a tsaye, yana latsa waya.

"Kwana nawa wannan zai ci?"

"Kwana talatin, ranka ya daɗe."

"Talatin? Masu kamfani za su zo nan da kwana goma, kuma so nake su ga famfo yana zuba. A haƙa rami ɗaya, a jera bututun biyu a ciki, a rufe."

Mai Awo ya ce, "Ranka ya daɗe, tifa ɗaya da lodinta ta fi gida nauyi. In ta danne su suka fashe a rami ɗaya, mutane guba za su sha."

Manaja ya ajiye wayar ya yi masa kallon sama da ƙasa.

"Kai mai ɗaure famfo ne za ka koya mini aiki? Wace makaranta ka yi?"

"Ban yi mai zurfi ba. Amma hannuna ba zai binne wannan aikin ba."

Manaja ya dunƙule takardar ya jefa ta kwandon shara, ya ce da maigadi ya raka shi bakin ƙofa. Mai Awo ya sunkuya ya ɗauki takardarsa, ya fita cikin fushi. Bai yi wa kowa magana ba.

Washegari manaja ya kawo ƙanin matarsa, wanda iyakacin saninsa gyaran famfon banɗaki. Cikin kwana takwas aka gama. Masu kamfani suka zo, aka murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka yi tafi, aka ɗauki hoto.

Bayan wata biyu ma'aikata suka fara kwanciya. Amai, gudawa, ciwon ciki mai naɗe ƙato kamar tabarma. Mutum talatin da wani abu aka kwasa zuwa asibiti. Wani dattijo mai walda, wanda dama yana fama da ƙoda, bai dawo ba.

To ku ji abin da ya fi ƙona mini rai.

Manaja ya tara ma'aikata, ya nuna Inna mai girki, matar da ke dafa musu abinci tun kafin a kawo shi wurin. Ya ce ƙazantarta ce ta jawo. Aka watso mata tukwanenta waje, aka kore ta a gaban mutanen da take kira 'ya'yanta.

Inna maƙwabciyar su Mai Awo ce. Da yamma ta shigo gidansu, ta zauna a bakin ƙofar kicin tana share hawaye da gefen mayafi.

"Wallahi sau biyu nake wanke komai," in ji ta. "Na faɗa musu ruwan yana wari kamar tsohon batir, suka ce hancina ne ya tsufa. Yanzu a unguwa yara nuna ni suke yi, wai na kashe mutum."

Mai Awo ya miƙe tsaye. "Na faɗa masa! Wallahi na faɗa masa!"

Matarsa tana tankaɗe, ta ajiye rariyar. "Ka faɗa wa wa, Baban yara?"

"Manajan mana."

"Shi kaɗai? Mutum ɗari biyun da za su sha ruwan fa, ka faɗa wa ko ɗaya? Ka yi zuciya ka naɗe takardarka ka dawo gida, ka bar su da ƙoƙo a hannu."

Maganar ta shige shi har ƙashi.

Da safe ya ɗauki takardar nan da ta sha dunƙula, ya nufi ma'adinan. Maigadi ya tare shi, amma ma'aikatan da ke shiga suka gane shi, suka ce a bar shi. Kai tsaye ya je wurin direban katafila.

"Ɗan'uwa, zo ka tona mini nan, daidai inda tifofi ke tsallakawa."

Manaja ya fito a guje daga ofis. "Wa ya shigo da wannan mutumin? Kai direba, ka taɓa hanyar nan, ka bar aiki yau!"

Direban ya leƙo ta taga. Ƙaninsa yana cikin waɗanda ke kwance a asibiti. Ya ce, "To na bari," ya sauke cokalin katafila a ƙasa.

Ko kamu biyu ba a haƙa ba, ƙasa ta fara fitowa jiƙe, tana wari. Ga bututun nan biyu kwance kafaɗa da kafaɗa, duk sun baje sun tsage, baƙin ruwa yana malala daga ɗaya yana shiga ɗayan.

Sai hayaniya ta ɓarke. Wasu suka yi kan manaja da shebur, Mai Awo ya shiga tsakani ya ware hannuwa.

"Kada wanda ya taɓa shi! Ku fara rufe ruwan masauki. Ni ma ina da laifi a nan, na san haka za ta faru, na tafi ban gaya muku ba."

Ya juya ga manaja.

"Ni ka wulaƙanta ni, na haƙura. Amma tsohuwar nan da ka ɗora wa gawa, kana sane da abin da ka binne, wannan ba zan haƙura ba. A gaban mutanen nan ka kore ta, a gabansu za ka wanke ta."

Manaja ya duba hagu ya duba dama, bai ga fuska ɗaya mai tausayinsa ba. Aka aika mota ta ɗauko Inna. Kansa a ƙasa ya ce abincinta ba shi da laifi, shi ne ya ba da umarnin rami ɗaya.

Inna ta dube shi ta ce, "Ni na ji. Saura matar mai walda da 'ya'yanta biyar. Je ka faɗa musu."

Kafin mako ya zagayo masu kamfani sun sallami manaja, hukuma kuma ta gayyace shi ya yi bayani. Aka riƙa kawo ruwan sha a tanka, aka mayar wa Mai Awo aikinsa. Inna ta koma kicin ɗinta. Kwanon mai walda yana nan a kan kantar kicin, ta hana kowa ɗauka.

Darasi: In mai sana'a ya ce maka abu zai cutar da mutane, ka saurare shi ko da bai kai ka muƙami ba, domin girman kan shugaba na ƙasa da shi ne ke kwana da shi a asibiti. Kai kuma da ka hango haɗari, kada ka yi fushi ka tafi da saninka, ka gaya wa waɗanda abin zai shafa. Ku tura wa duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa, ko Allah zai sa ya tsaya ya ji kafin a rufe rami.