Jemar da Altine Ya Dasa

Akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da Wara, a ƙasar Ngaski, sunansa Almustapha. Mutum ne mai ƙwazon noma, amma zargi ya yi masa katutu. Ko sannu ka yi masa sau biyu, sai ya tsaya yana lissafin abin da kake nema a wurinsa.

Gonarsa ta gado tana gindin wani tudu, tudun ma nasa ne. Shekarun baya masu haƙar zinariya sun yi kaca-kaca da shi. Da suka tashi aka kawo mota ta cike ramukan, aka bar tudun jajir, ba ciyawa ba itace. Ko akuya ba ta hawa. Gonar nan ta ƙasa kuwa, ita ke ciyar da gidansa kaf.

Wata safiya a farkon damina ya tarar da Altine, wani makiyayi da ke bi ta gefen tudun da shanunsa zuwa bakin ruwa. Altine ya durƙusa yana dasa jema layi-layi a gicciye, ciyawar nan ta fadama mai dogon saiwa, yana bin ta da kashin shanu.

"Altine, mi kaka yi bisa ƙasar ubana?"

"Jema ce nika dasawa, Malam Almustapha. Bara ƙasar ga ta zubo ta karya mini saniya. Babu abin da ka riƙe tudun ga. In anka yi ruwa mai ƙarfi, gonarka za ya sauko ma."

"Wato tausayina kaka ji?"

Gaskiya Altine ya yi kuskure da bai fara neman izini ba, kuma nan take ya ba da haƙuri. A wajenmu ko aron gona aka ba ka, ba ka dasa abin da zai daɗe, don dashe alamar mallaka ce. Sai Altine ya ce su je gaban mai gari ya faɗa da bakinsa cewa ba ya da ko taku ɗaya a wurin.

Kun san abin da Almustapha ya ji? Cewa ya yi a ransa, so Altine yake mai gari ya zama shaida shi ya dasa. Ya ƙi zuwa.

A gida matarsa Murja ta yi ta ba shi baki.

"Malam, ciyawa ce hwa, ba mangwaro ba."

"Ke ba ki san mutane ba. Bana ciyawa, baɗi bukka, gaba ɗiyanai su ce ubansu ya raya wurin."

Damina ta wuce, jema ta kama. Ƙasar da ruwa ke kwasowa ta riƙa tsayawa a bayan layukan, har gamba da ƙananan ciyayi suka fara tsirowa. Kowa ya wuce sai ya ce masha Allah. Almustapha kuwa, duk ƙarin koren da tudun ya yi, ƙarin ciwo ne a zuciyarsa. Altine ya daina hawa wurin, Almustapha ya ce ai jira yake. In Altine ya gaishe shi, sai ya ce ai lallashi ne.

Kafin ruwan shekara mai zuwa ya sauka, Almustapha ya ɗauki diga ya hau tudun. Ya sha wuya, don saiwar ta nutse ta kama ƙasa gam, har tafin hannunsa ya yi ƙanta. Da wani ne ya ga haka, da ya tsaya ya yi tunani. Shi dai ya tumɓuke duk layukan da ke saman gonarsa, ya tara ya cinna musu wuta. Na ɓangaren hanyar shanu ne kawai ya bari, gajiya ta hana shi.

Tsakiyar damina, ranar kasuwar Wara, aka yi ruwa tun hantsi har la'asar. Almustapha yana dawowa daga kasuwa ya hangi mutane tsaye a bakin gonarsa.

Tudun ya sauko. Jar laka da tsakuwa sun binne geron da ya fara fitar da kai, daga wannan iyaka zuwa waccan. Ɓangaren da jema ta rage kuwa yana nan daram. Wallahi abin tausayi, ƙato da shi ya zauna a cikin taɓo ya dafe kai.

Washegari sai ga Altine da damin jema a ka. Ya sauke a gabansa.

"Allah shi mayar da alheri, Malam Almustapha. Ga ta nan na ɗebo maka daga fadama. Wannan karon ka dasa da hannunka, don kowa shi san taka ce."

Almustapha ya kasa ɗaga ido. Tudun dai ba wanda ya ƙwace masa, yana nan nasa. Amma a shekarar, gidan da bai taɓa sayen hatsi ba, awo suka ci har kaka ta zagayo.

Darasi: Kiyaye haƙƙinka ba laifi ba ne, amma ka bincika kafin ka yanke wa mutum hukunci. Zargin da ba hujja yakan sa ka rushe da hannunka abin da ke kare ka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman na garuruwan da masu haƙar ma'adinai suka bar wa ramuka da tuddai.