"Da Sauƙi" Ta Rusa Mata Bincike

Akwai wata likita, abokan aiki suna ce mata Dakta Sauri, don komai nata a gurguje ne. Tana bincike a kan wani motsa jiki da take fata zai rage wa tsofaffi ciwon gwiwa.

Gajiya ta yi mata katutu. Ga layin marasa lafiya da safe, ga yara da yamma. Sai ta ce ba ta da lokacin bin mutane ɗaya-ɗaya. Ta zuba bayanin motsa jikin da tambayoyinta a intanet, ɗaruruwan mutanen da ba ta taɓa gani ba suka shiga. Har mahaifinta ta tura wa.

Babbar tambayar ita ce, "Yaya gwiwa bayan motsa jikin?" Amsa biyu ta bayar a zaɓa: "Da sauƙi" ko "Ba sauƙi."

Kusan kowa ya danna "Da sauƙi."

Wata abokiyar aikinta ta ce, "Dakta, da kin kira ko kaɗan ne daga cikinsu kin ji."

"Ni da ko ruwa ban sha ba tun safe? Amsa ta fito, a bar ni in huta."

Ta rubuta rahoto cewa motsa jikin yana aiki, saura ta miƙa a fara koya wa tsofaffi a asibiti.

Ranar hutu ta je gaida mahaifinta. Ta same shi yana salla a kan kujera, abin da ba ta taɓa gani ba. Da ya idar ta ce, "Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, Uwata."

Ta ɗaga ƙafar wandonsa. Gwiwar ta kumbura suntum, ga zafi rau. Ta ɗago ta dube shi.

"Baba, me ka danna a wayar nan?"

"Da sauƙi mana. Mutum yana numfashi ya ce ba sauƙi? Ai butulci ne. Kuma aikinki ne, shi ya sa ban fasa yi ba ko da yana ciwo."

Ta zauna a ƙasa. Kunya da tausayi suka rufe ta. Ashe gaisuwa ta yi wa mutane, su kuwa suka amsa mata gaisuwa. Allah kaɗai ya san gwiwa nawa ta kumbura a bayan waɗannan amsoshi.

Ta janye rahoton, aikin watanni ya bi ruwa. Ta sake tambayoyin: kana iya tsugunawa? Kana hawa bene? Ta riƙa kiran mutane da kanta, murya duk ta dushe.

Rannan abokiyar aikin ta same ta ta kifa kai a tebur, ta ce, "Dakta, ya jiki?"

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Da sauƙi."

Darasi: Bayan kowace amsa a waya akwai mutum mai jini da kunya. Kada gajiya ta sa ka karɓi amsar da ta yi maka daɗi ba ka duba ba. Ku tura wa duk mai tambayar jikin iyayensa ta waya kawai.