Husaini da Haddar Ƙamus

A Bodinga akwai wani manomin albasa mai suna Husaini Ɗantani. Yana da shekara goma sha shida ya haddace Alƙur'ani, kuma tun daga lokacin ya yarda da kansa fiye da kima. Ba malalaci ba ne. Aibinsa ɗaya, in ya ɗauki hanya ba mai iya sauke shi daga kanta.

Wata shekara wata ƙungiya mai koya wa manoma adana albasa ta ba da sanarwar za ta ɗauki tafinta ɗaya, wanda bai cika shekara talatin ba. Husaini yana da ashirin da tara, kuma saura wata huɗu a yi gwaji. Ya hau mota ya tafi Sakkwato, ya sayo ƙamus na Turanci mai shafi dubu da ɗari biyu. Ya zaro tsohon allonsa, ya dama tawada, ya fara daga shafin farko. Kalma talatin kullum: ya rubuta, ya haddace, ya wanke.

Matarsa Zulaihatu takan tsaya kansa da tsintsiya a hannu. "Malam, yau wane baƙi munka kai?"

"Muna na farko."

"Har yau? Ashe sai jikokinmu su kama aikin."

Da wata ɗaya ya cika, ya je Shagari gaida kawunsa Bawa, tsohon hedimasta. Ya zuba masa kalmomi sittin a jere, bai yi tuntuɓe ba. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙa masa wasu 'yan takardu uku da ƙungiyar ke rabawa.

"Karanta waɗanga. Kalmad da ta tare ka, ka neme ta, ka sa ta cikin magana."

"Kawu, ni ban taɓa fara littahi daga tsakiya ba."

"Kai ɗan nan! Ko a makarantar allo, ba da gajerun surori anka faro ka ba, don ka samu na salla?"

Husaini ya karɓi takardun don ladabi, ya sa su ƙarƙashin katifa. Ya ƙara kalmomin da yake haddacewa kullum zuwa arba'in. Ko a fadama yana ban ruwa bakinsa na motsi. Ya rame, amma bai fasa ko rana ɗaya ba. Ranar gwaji ya kai ƙarshen baƙi na uku. Ya san sunayen tsuntsayen ƙasashen da bai taɓa ji ba, da sassan jirgin ruwa, da cututtuka masu dogon suna.

Gwajin ba rubutu ba ne. An zaunar da manoma biyu a kan benci, aka ba shi takardar Turanci mai layi goma sha biyu a kan rumbun albasa, aka ce ya karanta ya bayyana musu da Hausa. Ya duba. Kalmomin da ke nufin danshi, da ruɓewa, da shigar iska, duk suna can gaba, a shafukan da bai buɗe ba. Ya karanta da murya mai daɗi, amma bayani ya gagara.

Ɗaya daga cikin manoman ya gyara hula. "Malam, mu dai gaya muna. Takardag ga ta ce mu buɗe rumbun ko mu rufe?"

Husaini ya san amsar tun yana yaro, daga gonar mahaifinsa. Amma abin da takarda ta ce aka tambaye shi, kuma shi ba maƙaryaci ba ne. Ya ajiye ta a kan tebur.

"Baba, ban kai nan ba tukuna."

Wata yarinya daga Lambara, Hussaina, ita aka ɗauka. Da damina ta faɗi Husaini ya cika talatin.

Darasin shi ne, naci abu ne mai kyau, amma ba ya gyara hanyar da aka ɗauka a karkace. Mai neman ilimin harshe ya fara da kalmomin da aikinsa ke bukata, ya san ma'anarsu, ya yi magana da su. Kuma in wanda ya riga ka sani ya nuna maka hanya, ka tsaya ka duba tun lokaci bai ƙwace maka ba.